Kujerar Gaba Ko Ta Baya? Amsa Ga Mai Koyon Tuƙa Apache A Kwamfuta

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Ya shekara biyu yana tuƙa jiragen yaƙi masu fiffike a manhajar DCS World, kwanan nan ya sayi Apache, jirgin nan mai saukar ungulu, sai abin ya gagare shi. In ya zauna a kujerar baya jirgin ya yi ta tangaɗi kamar zai kife, in ya koma ta gaba sai ya rasa gabas da yamma, kafin ya gano inda maƙiyi yake an riga an kakkaɓo shi. Yana son ya san kujerar da ya kamata ya fara da ita, da kuma ko mutum ɗaya zai iya cin moriyar jirgin da aka ƙera domin mutum biyu.

Malam, ka fara da kujerar baya. Batun kai kaɗai kuwa, za ka iya, har ma ka ji daɗinsa, sai dai rabin jirgin za ka sani. Abin da ke damunka ba ƙarancin basira ba ne. Ka shigo ne da ɗabi'ar jirgin mutum ɗaya, inda kai ne mai tuƙi, kai ne mai nema, kai ne mai harbi, cikin jirgin da tun a takardar zane aka raba aikinsa gida biyu.

Wannan rabon ba don ado aka yi shi ba. Tun daga AH-1 Cobra da Amurka ta kai Biyetnam a 1967 tsarin ya zauna: maharbi a gaba, matuƙi a bayansa, kujerarsa ta ɗan fi tudu don ya hango ta saman kan abokinsa. Apache, wanda ya fara tashi a 1975 ya shiga aikin soja a 1986, haka ya gada. Mi-24 na Tarayyar Sobiyet shi ma ga tsarin da ya koma ke nan. Rashawa sun taɓa gwada akasin haka da Ka-50, jirgi mai kujera ɗaya da aka cika da na'urorin taimako, amma wanda suka ƙera da yawa daga baya shi ne Ka-52, mai kujera biyu kafaɗa da kafaɗa. Dalilin a fili yake. Mai jirgin fiffike yana can sama, in ya sunkuya kan allonsa na daƙiƙa goma ba abin da zai ci karo da shi. Kai kuwa kana mita goma sha biyar daga ƙasa, ga itatuwa, ga wayoyin lantarki, ga tudu. Idon da ya shiga cikin madubin hange yana ƙirga tankoki a nisan kilomita bakwai ba zai ga reshen da farfela ke shirin sara ba. Taura biyu ba ta taunuwa, shi ya sa aka kawo baki na biyu.

To me ya sa baya? Domin duk abin da na gaba zai yi a kan hannun na baya ya dogara. Maharbi komai gwanintarsa, in jirgin na lilo a ƙarƙashinsa, hotonsa rawa zai yi. Kuma ranar da ka koma gaba, ba za ka san abin da ya dace ka roƙi matuƙi ba sai in ka taɓa ɗanɗana wahalar abin da kake roƙo.

Abubuwan tuƙi uku ne, kuma ba wanda za ka taɓa bai tashi sauran ba. Sandar da ke tsakanin ƙafafunka, saikilik, ita ke karkata faifan farfela gaba, baya ko gefe. Ta hannun hagu, kolektif, ita ke ƙara wa dukkan fukafukan farfela cizon iska a lokaci guda, jirgi ya hau ko ya sauka. Sai feda biyu masu sarrafa farfelar wutsiya. Babbar farfelar Apache, in ka dube ta daga sama, tana juyawa ne saɓanin hannun agogo. Saboda haka da ka ja kolektif sai gangar jikin ta nemi juyawa dama, dole ka taka fedar hagu. Ka taka ta, farfelar wutsiya ta ƙara tura jirgin gefe, sai ka gyara da saikilik. Ka gyara da saikilik, ɗagawar ta ɗan ragu, ka sake komawa kan kolektif. Haka abin yake zagayawa. A Mi-24 farfelar bin hannun agogo take yi, don haka fedar dama ce ke aiki. Kada ka koyi jiragen nan biyu a mako ɗaya, ƙafafunka za su rikice.

Nan zan ɗan tsaya a kan kayan aiki, domin da yawa daga tangaɗin da kake gani daga teburinka yake, ba daga jirgin ba. In ba ka da feda, ka nema. Murɗa sandar hannu a madadin feda yana yiwuwa a jirgin fiffike, amma a nan duk murɗawa sai ta ja saikilik tare da ita. Na biyu, sandar wasan kwamfuta tana da sifirin da ke mayar da ita tsakiya, alhali sandar jirgin gaske ba ta da tsakiya guda. Akwai maɓallin tirim: matuƙi ya danna, birkin sandar ya saki, ya kai ta inda yake so, ya sake maɓallin, sai nan ya zama sabon mazauninta. A kwamfuta kuwa da ka sake maɓallin, manhajar ta ɗauki wurin a matsayin tsakiya, amma hannunka yana nan a karkace, sai karkatar ta ninku, hancin jirgi ya yi tsalle. Shi ya sa manhajar ta tanadi zaɓi a saitunan jirgin, wanda a cikinsa take jira sai ka mayar da sandarka tsakiya kafin ta ci gaba da sauraronka. Ka gwada zaɓuɓɓukan, ka tsaya a kan ɗaya, kada ka riƙa sauyawa kullum. Wasu cire sifirin suke yi gaba ɗaya, wasu su ƙara wa sandar tsawo don motsin ya yi laushi. Ni na fi son ƙarin tsawon, domin tuƙin jirgin nan da yatsu ake yi, ba da damtse ba.

Daga nan sai tsayuwa cak a iska, wadda ita ce jarrabawar kujerar baya. Apache ya ba ka taimakon da ba kowane jirgi ke da shi ba. A gilashin da ke gaban idonka na dama, wanda ke maƙale da kwalkwali, akwai wani layi da ke fitowa daga tsakiya yana nuna inda jirgi ke zamewa da saurinsa, da wani ɗan da'ira mai nuna inda layin zai nufa nan gaba kaɗan. Sabon shiga layin yake bi, kullum yana makara. Ka bi da'irar. Ka dawo da ita tsakiya a hankali, layin zai biyo ta ya ƙanƙance da kansa. Akwai kuma yanayin da in ka zaɓa zai ajiye maka alama a daidai wurin da kake, ta yadda in ka ɗago daga bayan tudu za ka san ko ka zame daga maɓoyarka. Ka yi mako guda kana wannan kaɗai a filin jirgi, ba makami, ba maƙiyi.

Abu ɗaya da ke kashe sababbi fiye da harsashi shi ne faɗawa cikin iskar farfelarsu. In gudunka ya yi ƙasa da kamar kilomita 30 zuwa 45 a awa, farfela ta daina samun sabuwar iska, tana buƙatar ƙarin ƙarfi. In a lokacin kana sauka da saurin da ya wuce ƙafa 300 a minti, za ka iya nutsewa cikin iskar da kai ka turo ƙasa. Jirgi ya hau karkarwa, ya yi ta zurarewa. Hankalinka zai ce ka ja kolektif, jan kuwa ƙara nutsar da kai yake yi. Mafita ita ce ka tura saikilik gaba ka fita zuwa iska mai tsabta, in akwai tazara a ƙasa ka ɗan sassauta kolektif. Matsalar ita ce yawanci a bayan tudu abin ke faruwa, inda babu tazarar. Don haka maganin tun kafin a shiga ne: ka rage gudu da wuri, ka ƙara ƙarfi kafin jirgi ya nema, idonka na kan ma'aunin sauka da na ƙarfin inji.

Yanzu kujerar gaba. Abin da ya sa ka rasa gabas da yamma shi ne na'urar hangen da ke hancin jirgin, wadda ake kira TADS. Tana da kyamarar rana, da mai ganin zafin jiki, da leza mai auna nisa da nuna abin hari. In ka zuƙo hoto sosai, kamar mai leƙen duniya ta cikin kara ne: kana ganin tayar mota tar, amma ba ka san a wane gari motar take ba. Gwanin maharbi ba da zuƙowa yake farawa ba. Yana farawa da taswira, tun kafin a tashi ya ajiye alamomi a gada, mararraba, bakin ƙauye, duk inda ake zaton maƙiyi. In an isa, sai ya umarci na'urar ta kalli alamar da kanta, ya duba da faɗi, ya zuƙo, ya koma faɗi. Duk abin da ya gani sai ya auna shi da leza ya adana wurinsa, don ko jirgi ya juya ya dawo, danna maɓalli ɗaya zai mayar da idonsa can. Akwai wata dabara da nake ganin ita ce zuciyar jirgin nan: maharbi zai iya ɗaure na'urarsa da kwalkwalin matuƙi. Na baya ya hango ƙura ko walƙiyar harbi da idonsa, ya kafa kansa a wurin ya ce "duba inda nake kallo", na gaba ya danna, nan take kyamara ta juya can. Ido mai faɗi ya miƙa wa ido mai nisa.

Makaman ma haka aka gina su. Hellfire, makami mai linzami mai bin leza, yana kaiwa kusan kilomita 8, jirgin kuma na iya ɗaukar har 16. Amma a wannan nisa makamin kan haura daƙiƙa 30 a iska, kuma dole hasken leza ya kasance a kan abin harin a ƙarshen tafiyar. Ma'ana, duk tsawon lokacin matuƙi na riƙe da jirgi a fili, bai bari itace ko tudu ya gitta ba, bai juya hanci har na'urar ta kai iyakarta ba. Kafin harbin ma shi ne zai daidaita hancin har akwatin da ke gilashinsa ya tashi daga tsinke-tsinke ya zama cikakken layi. Lambar lezar jirgin da wadda makamin ke nema dole su zo ɗaya, in wani ne daga ƙasa ko wani jirgi ke haska maka, lambarsa za ka sa. Rokoki masu faɗin milimita 70 sun fi nuna haɗin kan: na gaba ya riƙe abin hari ya ba da nisa, na baya ya juya jirgi ya daidaita alamar ya harba. Igwar milimita 30 da ke ƙarƙashin jirgi tana bin kan wanda ya karɓe ta, inda ya kalla nan take kallo. Tana ɗaukar harsashi har 1,200, ko kimanin 300 in an sa ƙarin tankin mai a cikin jirgi. Kayan kusa ce, kuma in har ka kai ga dogaro da ita a gaban masu kakkaɓo jirgi, to tun baya an yi kuskure.

Ga yadda abin yake in an samu mutum biyu da suka saba. Wani dare ni da abokin tashina muna laɓe a bayan wani tudu a taswirar Kokasus, ina baya yana gaba.

"Ɗago ni kaɗan, tudu ya tare ni."

"Ina ɗagowa. Ƙarfin inji tamanin da takwas, ba ni da sarari da yawa."

"Ya isa, tsaya nan. Tanka biyu gefen gada, kilomita shida da rabi. Akwai wata mota a bayansu, ban gane ta ba tukuna. Ba ni hanci hagu."

"Hagu. Akwati ya cika."

"Leza na kai. Ya tafi."

Sai shiru. Ina kallon da'irar nan tawa, ina jin iska na tura ni dama.

"Kana zamewa, itace na shigo mini."

"Na gani, ina dawowa."

"Riƙe. Riƙe. Ya samu. Sauka, motar nan Shilka ce."

Shilka mota ce mai sulke ɗauke da bindigogin kakkaɓo jirgi. Ban tambaye shi ko ya tabbata ba, na sauke mu bayan tudun, muka zagaya ta kwari muka ɓullo ta wani wuri. Ka lura ba wanda ya yi dogon bayani. Kowa na faɗin abin da ɗayan ba ya iya gani: ni ina gaya masa halin jirgi, shi yana gaya mini halin fili. Abin da manhajar ke kwaikwaya ke nan a gaskiya, fiye da maɓallai da allunan.

Wannan maganar tana da ƙa'ida a wuri ɗaya da ba a wasa da shi, wato miƙa tuƙi. Kujerun biyu duka suna da sanda da feda. Matuƙan gaske sau uku suke faɗa: "tuƙi na hannunka", "tuƙi na hannuna", "tuƙi na hannunka". Mun taɓa raina wannan, na ce masa ya karɓa zan duba taswira, ya amsa da "to" yana nufin ya ji, ni kuma na ɗauka ya karɓa. Daƙiƙa kaɗan jirgi ya zame da baya, wutsiya ta daki itace, aikin awa guda ya tafi a banza. Tun ranar ba mu sake tsallake kalma ɗaya ba. A kwamfuta akwai ƙarin tarko: kolektif ɗinka da nasa ba a haɗe suke ba kamar na jirgin gaske. In naka na sama nasa na ƙasa, da ya karɓa jirgi zai faɗi. Ku daidaita hannuwanku tukuna, kuma ku yi miƙon a cikin tafiya da tazara a ƙasa, ba a tsaye a bayan itace ba. Jinkirin intanet ma yana nan, abin da kake gani kan riga abin da yake gani da ɗan ƙyaftawa, don haka murya mai kyau ta fi muku komai.

Sai batun kai kaɗai. Kamfanin Eagle Dynamics mai DCS World, da ya fitar da Mi-24P a 2021 da Apache AH-64D a 2022 a cikin manhajar, ya san yawancin masu saye ba su da abokin tashi, sai ya sa mataimaki na kwamfuta a kujerar da ka bari. Na Apache sunansa George, na Mi-24 kuma Petrovich. Kana baya, ka kalli wuri ka umarci George ya bincika, ya kawo maka jerin abin da ya gani, ka zaɓa, ya haska ya harba in ka ba shi izini. Kana gaba, ka ba shi gudu, tsawo da alƙibla, ko ka ce ya tsaya cak. Yana da amfani ƙwarai wajen koyo, kuma da shi nake ba ka shawarar ka fara, kana baya yana gaba. Amma ka san iyakarsa. Umarni yake jira. Ba zai karanta taswira ya ce maka kwarin can ya fi wannan tudun ba, ba zai ji a muryarka cewa aiki ya yi maka yawa ya yi shiru ba. Tunanin mutum biyu ya dawo kanka kai ɗaya, hannu kawai ya ara maka. In ka zauna gaba ka bar masa tuƙi, ka ba shi wuri mai sarari, kada ka matsa shi cikin itatuwa.

In ka ga Apache ya yi maka yawan alluna, Mi-24P wata makaranta ce daban. Jirgi ne mai nauyi da gudu, ƙananan fukafukansa na ɗaukar wani kaso na nauyin in yana tafiya, ba ya son tsayuwa da cikakken kaya. Igwarsa mai baki biyu a kafe take a gefen dama, matuƙi ke saita ta da jirgin gaba ɗaya. Makaminsa Shturm ta rediyo ake jagorantarsa, na gaba na riƙe da alama a kan abin hari har ya isa, a nisan da bai wuce kilomita 5 ba. Shi a guje yake kai hari ya wuce ya zagayo. Sabawarka da jirgin fiffike za ta fi yi maka aiki a can.

Dalilin da ya sa ake kakkaɓo ka kuwa, ina kyautata zaton biyu ne: kana matsawa kusa, kana kuma daɗewa a wuri ɗaya. Shilka da igwar ZU-23 suna cin kimanin kilomita biyu da rabi, makaman kafaɗa irin Igla kusan biyar. Kai kana da kilomita takwas na Hellfire. Duk mitar da ka matsa ciki kyauta ka ba su. Tarihi ya nuna fuskokin biyu. Daren 17 ga Janairun 1991 Apache takwas ne suka buɗe yaƙin Tekun Fasha, suka shigo ƙasa-ƙasa cikin duhu suka rusa tashoshin radar biyu na Iraƙi, suka juya lafiya. A Maris na 2003 kuwa, kusa da Karbala, kimanin Apache talatin suka shiga yankin da ake jiransu, aka yi musu ruwan harsashi daga ƙasa, kusan duka suka dawo da rauni, ɗaya ya faɗi aka kama mutum biyun da ke ciki. Jirgi iri ɗaya ne, hanya da shiri ne suka bambanta. Ka ɗago, ka duba, ka adana, ka sauka. Ka yi shawara a ɓoye, ka ɗago ta wani wuri ka harba. In jirginka na ɗauke da radar Longbow a saman farfela, ita kaɗai za ka leƙo da ita, kuma Hellfire mai bin radar ba ya buƙatar ka tsaya jiransa.

Tashin dare ka bar shi sai ƙarshe. Hoton da matuƙi ke gani da idon dama daga wata kyamara yake zuwa a hancin jirgi, kusan mita uku gaba da inda yake zaune, idon hagu kuma na kallon cikin jirgi da duhun waje. Matuƙan gaske kan sha ciwon kai kafin ƙwaƙwalwa ta saba. A allon kwamfuta hotunan biyu a haɗe za ka gan su, amma da tabaran VR za ka iya sa hoton a ido ɗaya ka ɗanɗani abin da suke sha. Abin da ba kwamfutar da za ta ba ka shi ne jin motsin jirgi a jikinka, shi ya sa na'urar bin motsin kai, irin TrackIR, ta zama kusan dole, domin da ido kaɗai za ka gane zamewa.

Ga yadda zan tsara maka in ni ne. Makon farko tsayuwa da tirim. Na biyu tashi, zagaye da sauka a kan alama guda, har ka daina jin tsoron rage gudu. Na uku ka ajiye motoci marasa harbi a fili, kai da George ku yi ta ɗagowa daga bayan tudu kuna harbi daga kilomita shida zuwa bakwai. Na huɗu ka koma gaba ka koyi taswira da adana wuri. Daga nan ka sa Shilka guda ɗaya a cikin motocin, ba tare da ka duba inda ka ajiye ta ba. Ranar da ka gano ta kafin ta gano ka, ka nemi mutum ya zauna a ɗaya kujerar, ko da bai kai ka iyawa ba, ku fara da miƙa wa juna tuƙi a saman filin jirgi.